Karatun Noma na Duniya a Jami'a: Amsoshin Tambayoyin Iyaye da Ɗalibai a Legas

Duk shekara, da zarar an fara sayar da fom ɗin JAMB, iyaye da 'ya'yansu daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 sukan tare ni da tambayoyi a kan karatun aikin gona, wani a ƙofar masallaci, wani a wurin ɗaurin aure, saboda sun san shi na karanta, kuma a harkar fitar da amfanin gona zuwa ƙasashen waje nake neman abincina a nan Legas. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, baki ne kawai yake sauyawa, shi ya sa na ga gara in tara su wuri guda in amsa. Wasu na bar su yadda aka yi mini su, har da zolayar da ke cikinsu.

Malam, shi noman ma sai an je jami'a? Ai gadonmu ne.

Wani dattijo, dillalin kayan gwari a Mile 12, shi ya fara jefo mini wannan tambaya yana dariya, ranar da ɗansa ya ce aikin gona yake so ya karanta. Na ce masa: "Alhaji, gaskiyarku ce, riƙon fartanya ba ya neman takardar shaida, kuma na duƙe tsohon ciniki ne. Amma ku tuna mini da abin da ya sami tumatir a 2016." Nan take dariyar ta ɗauke, domin a shekarar ne tsutsar da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando kuma ya yi tsadar da matan Legas da dama suka koma wa na gwangwani.

Wannan ƙwaro, wanda masana ke kira Tuta absoluta, asalinsa daga Kudancin Amurka ne. An fara ganinsa a Turai a ƙasar Sifen a 2006, daga can ya bi gaɓar Bahar Rum, ya tsallako Arewacin Afirka, ya gangaro har Kadawa. Manomin da ya gaji noma kaka da kakanni bai taɓa ganinsa ba, kuma feshin da ya saba yi bai taɓuka abin kirki ba, saboda tsutsar a cikin naman ganye take ɓuya. A farkon 2016 ɗin dai aka gano wata tsutsar mai cin masara a kudu maso yammacin Najeriya, ita ma daga nahiyar Amurka ta fito, kuma cikin shekara biyu ta bazu a mafi yawan ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Ilimin gado ya san ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar mutum ciki da waje, sai dai ba shi da labarin abin da ke tahowa daga ƙetare, kuma wannan gurbin ne karatun yake cikewa.

Mene ne bambancin noma na duniya da karatun aikin gona da aka saba?

Karatun aikin gona da aka saba ya fi mayar da hankali kan yadda za a sami amfani mai yawa kuma mai kyau, wato sanin ƙasa da iri da taki da ruwa da dabba da cutukansu. Karatun noma na duniya yana ɗauke da wannan duka, sannan ya bi amfanin bayan ya bar gona, ya tambayi wanda ya saya, da kuɗin wace ƙasa aka biya, da dokar da ta ba shi izinin tsallake iyaka, ya kuma kwatanta yadda wasu al'ummu suka warware matsalar da ke damun namu manoman.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne burodin Agege. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawarsa a jirgin ruwa take zuwa, shi ya sa manyan injinan fulawa suke jingine da tashar Apapa. Da Rasha ta mamayi Yukren a watan Fabrairun 2022, ƙasashe biyu da ke sahun gaba wajen sayar wa duniya alkama, ba a daɗe ba mai shayin bakin tashar Agege ya fara rage kaurin yankan burodi. Majalisar Ɗinkin Duniya da Turkiyya sun shiga tsakani a watan Yulin 2022 aka buɗe hanyar fitar da hatsi ta Bahar Aswad, Rasha ta janye daga yarjejeniyar a Yulin 2023, kuma a cikin watan ne Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba. Ɗalibin wannan fanni ana so ya iya bin sawun waɗannan abubuwa tun daga inda suka faro har zuwa farashin mudu a kasuwar unguwarsu.

Haka batun taki yake. Yuriya daga sinadarin amoniya ake samar da ita, shi kuma daga iskar gas, ta hanyar da Jamusawa biyu, Fritz Haber da Carl Bosch, suka fito da ita a farkon ƙarni na 20, kuma masana'antar Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022 an gina ta ne don samar da tan miliyan 3 a shekara. Amma buhun NPK ba ya haɗuwa da yuriya kaɗai, sai an kawo fosfat, wanda Maroko ce ke da mafi yawan ajiyarsa a duniya, da fotash, wanda Kanada da Rasha da Belarus suka fi haƙowa. Saboda haka idan dala ta tashi a hannun 'yan canji, manomin masara a Funtuwa yana jin zafin a jikinsa kafin ruwan farko ya sauka.

Akwai jami'ar da ke ba da wannan digiri a Najeriya, ko kusa da Legas?

Da wuya mutum ya ga kwas mai wannan suna a jerin kwasa-kwasan JAMB. A jami'o'in Amurka da Turai ne aka fi ware shi da suna, wani wuri a haɗa shi da raya karkara, wani wuri da wadatar abinci. A nan gida digirin da ake bayarwa shi ne B.Agric, wato digirin farko na aikin gona, kuma ɓangaren duniyar yana cikin darussan tattalin arzikin noma, da kasuwancin amfanin gona, da tsare-tsaren gwamnati, da aikin malaman gona. Ɗalibin da ya san abin da yake nema zai tsinto shi a can, ya kuma karkatar da binciken shekararsa ta ƙarshe zuwa gare shi.

A cikin jihar Legas, jami'ar jiha ta LASU tana da makarantar aikin gona a reshenta na Epe, sannan jami'ar kimiyya da fasaha ta Ikorodu, wadda da kwalejin fasaha ce kafin a ɗaga darajarta a 2022, ita ma tana koyar da aikin gona. Da an fita daga jihar, akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta, wadda aka kafa a 1988, kuma tun da aka buɗe sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan a 2021, yaro zai hau jirgi a tashar Agege ya sauka a Abeokuta. Jami'ar Ibadan, da aka kafa a 1948, tana gari ɗaya da IITA, cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi da ta fara aiki a 1967, kuma wannan maƙwabtaka ba ƙaramar dama ba ce ga mai son ganin masana daga ƙasashe daban-daban suna aiki a gona ɗaya.

Ga iyayen da suka fi son ɗansu ya koma gida, Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar bincike ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, shekara 40 kafin a kafa jami'ar kanta, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa. Wanda zuciyarsa ke kan gero da dawa da wake da gyaɗa, Arewa ta fi dacewa da shi; wanda ke son rogo da koko da kifi da harkar tashar jiragen ruwa, ya zauna a Kudu.

Waɗanne darussa ake buƙata kafin a ɗauki ɗalibi?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO, da suka haɗa da Turanci da lissafi da kemistiri da bayoloji ko kimiyyar noma, sannan na biyar, wanda galibi fizis ne. A jarrabawar JAMB kuma Turanci dole ne, sai kemistiri, sai bayoloji ko kimiyyar noma, sai lissafi ko fizis. Jami'o'i suna ɗan bambanta, don haka a karanta ƙa'idar wadda ake nema a kundin JAMB na shekarar kafin a cike fom. Mai difloma ko NCE a fannin yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Kemistiri shi ne dutsen da yara suka fi tuntuɓe da shi, musamman waɗanda suka zaɓi aikin gona da zaton ya fi likitanci sauƙin shiga, alhali sanin ƙasa da taki da abincin dabba duk a kansa suke tsaye.

Shekara nawa ake yi, kuma me ake koyarwa?

Shekara 5 ne, idan yajin aiki bai ƙara wani abu a kai ba. Shekarar farko ta kimiyya ce zalla, har yaro ya fara tambayar kansa ina noman yake. A ta biyu da ta uku ake zagayawa da shi duk sassan tsangayar: amfanin gona da cutukansu, kimiyyar ƙasa, kiwon dabbobi, tattalin arziki, ƙididdiga, da yadda ake isar da sabon ilimi ga manoma. A ta biyar ya zaɓi ɓangare ɗaya ya ƙware a kai, ya rubuta kundin bincike.

Shekara ta huɗu ita ce ba a mantawa da ita. A galibin jami'o'i ana fitar da ɗalibai daga aji a kai su gona, a yanka wa kowa nasa kunyoyin, ya share, ya yi huɗa, ya shuka, ya yi noma da maimai, ya girbe, makinsa kuma yana rataye da abin da gonar ta bayar. Ana bi da su ɗakin kaji da garken shanu da tafkin kifi, wani lokaci a zaunar da su a ƙauye. Na tuna safiyar da na tarar gafiya ta tone mini kunya huɗu na gyaɗa, malamin da ke duba mu ya tsaya ya dubi ɓarnar, ya ce in rubuta a littafina abin da zan gaya wa manomin da wannan ce gonarsa gaba ɗaya. Yaran da suka shigo da kanta a tafin hannu sukan yi wa 'yan birni dariya a makon farko, amma kafin kaka ta yi hannuwan kowa sun zama iri ɗaya.

Ɗana a Legas aka haife shi, bai taɓa kwana a gona ba. Zai iya?

Zai iya, Hajiya, har ma yana da abin da ɗan ƙauye ba shi da shi, domin a ƙarshen hanyar abinci ya tashi. Ya san yadda tirela take shigowa Mile 12 da asuba bayan tafiyar kimanin kilomita 1,000, kwanduna jibge a kan juna, na ƙasa sun lotse ruwan tumatir yana ɗiga ta gefen mota, mata kuma suna jiran a ware fasasshen, wanda Yarbawa ke kira esha, su saya da araha. Abin da ya gani ɗin nan darasi ne sukutum da ake koyarwa a jami'a a kan asarar da ke biyo bayan girbi, kuma tambayar da ke cikinsa, wato me ya sa har yanzu kwandon kaba ya rinjayi akwatin roba duk da ya fi fasa kaya, tambaya ce ta kuɗi da sufuri da amana, tunda shi akwatin sai an mayar da shi Arewa, wani kuma ya biya kuɗin komawarsa. Ya san shanun da ake saukewa a mayankar Oko-Oba, ya san kifin sanyi da busasshen kifin Norwe da madarar gari da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa. Abin da ya rage masa shi ne farkon hanyar, kuma shekara ta huɗu za ta koya masa shi ko yana so ko ba ya so.

Me ya haɗa ɗalibin Najeriya da noman Indiya ko Burazil?

Kwatanci shi ne ƙashin bayan wannan karatu. Za a ba shi tarihin Norman Borlaug, Ba'amurken da ya yi shekaru a Meziko yana tace irin alkama mai gajeren kara wanda ba ya kwanciya idan an zuba masa taki, irin da ya tsamo Indiya da Pakistan daga bakin yunwa a shekarun 1960, har aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Za a ba shi labarin shinkafar IR8 da cibiyar binciken shinkafa ta Filifin ta fitar a 1966. Daga nan sai a tambaye shi dalilin da ya sa abin bai yi irin wannan tasiri a Afirka ba, kuma amsar tana gabansa: wancan juyi a kan alkama da shinkafa da ban-ruwa da wadataccen taki aka gina shi, mu kuwa abincinmu gero ne da dawa da rogo da doya da wake, mafi yawansu ruwan sama suke jira. Za a nuna masa kuma abin da juyin ya jawo, kamar yadda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake ta nisa a yankin Punjab saboda yawan rijiyoyin burtsatse.

Burazil ta kafa hukumar bincikenta, Embrapa, a 1973, ta gyara ƙasa mai tsami ta dajin Cerrado da farar ƙasa da fosfat, ta zama gagara-badau a waken suya. Wannan abin sha'awa ne, amma a ganina darasin da ya fi amfanar ɗanmu yana maƙwabta. A yankin Maraɗi, tun shekarun 1980, manoma suka koma barin kututturan itatuwa su sake tofo a cikin gonakinsu maimakon a sare su ƙarƙaf, gawo da sauran itatuwa suka dawo a faɗin ƙasa mai yawa ba tare da an dasa su ba. A Burkina Faso kuma Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da dabarar haƙa ƙananan ramuka a fako a zuba taki, su tare ruwa. Monty Jones ɗan Saliyo ya haɗa shinkafar Afirka da ta Asiya ya samar da sabon iri mai suna NERICA, aka ba shi kyautar abinci ta duniya a 2004.

Tarihinmu ma darasi ne. Da aka buɗe layin dogo zuwa Kano a 1912, gyaɗa ta sami hanyar zuwa tashar Legas, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga cinikinta, dalar gyaɗa ta tashi. Farin farkon shekarun 1970, da annobar cutar gyaɗa ta 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati, su suka haɗu suka kwantar da ita.

Shin ya fi kyau a tura yaro ƙasar waje tun daga digirin farko?

Ra'ayina shi ne a yi na farko a gida, a nemi na biyu a waje, sai fa idan tallafi cikakke ya samu. Dalili na farko kuɗi ne, domin shekara uku ko huɗu ana biya da dala ko fam ko yuro yana iya cinye jarin gida, alhali manyan tallafin karatu irin su Commonwealth da Chevening na Birtaniya da DAAD na Jamus sun fi karkata ga masu digiri na biyu zuwa sama. Dalili na biyu shi ne, wanda bai san wuta-wuta a gonar dawa ba, bai san yadda ƙwari ke huda wake a rumbu ba, idan ya zauna a aji a Wageningen ta ƙasar Holan ko Reading ta Ingila ko Cornell ta Amurka, ba shi da tambayar da zai kai musu, sai dai ya kwaso amsoshin tambayoyin wasu. Akinwumi Adesina a jami'ar Ife ya yi digirinsa na farko a tattalin arzikin noma, ya gama a 1981, sannan ya tafi jami'ar Purdue ta Amurka ya yi digirin digirgir a 1988, ya zama ministan noma daga 2011 zuwa 2015, daga nan ya shugabanci Bankin Raya Afirka.

Akwai ƙofofin da ke buɗe tun daga digirin farko, kamar tallafin gidauniyar Mastercard, wadda ke kai 'yan Afirka jami'o'i da dama, har da jami'ar EARTH ta ƙasar Kosta Rika, inda ake koyar da noma da harshen Sifaniyanci. Irin wannan tallafi kai tsaye ake nemansa daga jami'ar, ba a biyan dillali. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro gurbi da biza, a riƙe aljihu da kyau.

'Ya mace fa? Karatun ya dace da ita?

Ya dace, kuma an fi buƙatarta a inda namiji ba ya shiga. A ƙasar Hausa sarrafa amfanin gona a hannun mata yake: su ke turara shinkafa, su ke matse man gyaɗa su yi ƙuli-ƙuli, su ke kiwon awaki da kajin gida, kuma malamin gona namiji a zaure yake tsayawa. Hijabi bai hana kowa shekarar gona ba. Na yi karatu da waɗanda suka yi ta da takalmin roba da malafa a kan hijabinsu. Abin da ya kamata iyaye su bincika shi ne wurin kwana da tsaro a lokacin zaman ƙauye. Cikin mutum huɗu da suka karɓi kyautar abinci ta duniya a 2016 biyu mata ne, ɗayarsu Maria Andrade 'yar Kef Bad, saboda aikinta a kan dankalin Hausa mai jan ciki da ke ɗauke da sinadarin bitamin A.

Wane aiki zai samu idan ya gama?

Gaskiya ita ce digirin shi kaɗai ba ya kai mutum ofishin hukumar abinci da noma ta FAO ko asusun raya noma na IFAD ko hukumar abinci ta WFP, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya waɗanda duk a birnin Rum hedikwatarsu take. Irin waɗannan wurare digiri na biyu suke nema da shekarun aiki a fili. Ayyukan da ke kusa su ne kamfanonin iri da taki, da masu haɗa abincin kaji, da injinan fulawa da shinkafa irin na Imota da aka buɗe a 2023, da sashen lamunin noma na bankuna, da cibiyoyin bincike, da hukumar killace amfanin gona ta NAQS, da NAFDAC.

Inda na fi ganin giɓi, saboda a nan nake, shi ne tsakanin ɗan kasuwar Dawanau da mai saye a ƙetare. Riɗinmu yana zuwa Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon Jigawa yana zuwa Meziko, cittar kudancin Kaduna tana da suna a kasuwar duniya, amma kowace ƙasa tana da iyakar ragowar maganin ƙwari da danshi da datti da za ta karɓa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, ƙasar da ta fi kowacce noman wake a duniya, saboda yawan sinadarin dichlorvos, wato fiya-fiyar da ake zubawa a buhu don kashe ƙwari. Abin takaicin shi ne maganin matsalar yana nan, buhun PICS mai hawa uku da masanan Purdue suka ƙirƙiro, wanda ke toshe iska ƙwarin su mutu ba tare da an zuba komai ba. Haka gubar aflatoxin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masara: an gano ta ne bayan talo-talo sama da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Burazil, kuma tun daga lokacin take rufe wa ƙasashe kasuwa, har IITA ta samar da maganin Aflasafe don rage ta tun daga gona.

Na taɓa tsayawa kusa da wani Alhaji a wani ɗakin ajiya a Apapa lokacin da sakamakon gwaji ya fito, aka ce riɗinsa ba zai hau jirgi ba. Ya damƙi riɗin a hannu, ya murza, ya hura, ya ce: "Yaro, shekara 30 ina wannan sana'a, ka dubi kayan nan ka gaya mini aibinsu." A ido ba su da aibi. Wanda zai iya karanta takardar gwajin nan, ya fassara wa Alhaji ita da Hausa, sannan ya bi sawun kayan har ƙauyen da aka yi feshin ya gyara abin daga can, ba zai rasa mai ɗaukarsa aiki ba.

Ana cewa a jami'a ake koya wa yara irin da aka sauya wa halitta. Haka ne?

Ana koyar da yadda ake yin sa, ana kuma koyar da muhawarar da ke kansa. Najeriya ta kafa hukumar da ke sa ido a kan wannan fasaha a 2015, kuma a 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T na cibiyar Samaru, wanda ke jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake, abin da ke rage yawan feshi. Masu adawa suna tambaya a kan lafiya, da makomar irin gargajiya, da wanda zai mallaki iri nan gaba, kuma tambayar ƙarshen nan a ganina tana da nauyi ƙwarai. Ɗalibi nagari ana so ya iya karanta hujjar kowane ɓangare da kansa, ya bambance sakamakon gwaji da saƙon da ake turawa a WhatsApp.

Akwai harshen da ya kamata ya ƙara koya?

Faransanci, domin Nijar da Benin da Chadi da Kamaru sun kewaye mu, kuma hatsi da dabbobi ba su daina tsallake waɗannan iyakoki ba ko a lokacin da aka rufe su daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Larabcin Islamiyya ma kada a raina shi, yana cikin harsuna 6 da FAO ke aiki da su. Yarbancin da ya tsinta a layin unguwa kuwa zai yi masa rana a ƙauyukan Ogun.

Ina aji uku na babbar sakandare. Me zan fara yi tun yanzu, Malam?

Ka dage da kemistiri da lissafi, ka kuma saba da kwamfuta, musamman jera lambobi da fitar da jadawali a Excel, domin rabin aikin nan gaba a kansa za ka yi shi. Idan kuɗin makaranta ne damuwar gidanku, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024 ga 'yan makarantun gwamnati, sai ku zauna da mahaifinka ku karanta sharuɗɗansa. Hutun ƙarshen shekara yana faɗowa a tsakiyar damina, saboda haka ka roƙi Baba ya tura ka wurin kawunka ko baffanka a gida, ka yi noma da hannunka ko da na mako uku ne. Sannan ka sayi ƙaramin littafi, duk Asabar ka shiga Mile 12 ka gaida iyayenmu dillalai, ka rubuta farashin kwandon tumatir da buhun albasa da na tattasai, da garin da motar ta taso, da kwanakin da ta yi a hanya, a gefe kuma ka rubuta kuɗin litar dizal da canjin dala na ranar. Ka yi haka daga rani har kaka ba fashi, ka riƙe littafin ka tafi da shi jami'a.